Yistin leda, ruwan tsamin jiya, ko a bar kofi ya tsimu da kansa: wanne ya fi?

Wani yayana da ke da 'yar gonar kofi a can saman Mambila, wajajen Gembu, ya taɓa kira na da daddare, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce kai ɗan boko, ka ga abin da mutanen Kolambiya ke yi kuwa, wai garin yisti suke zuba wa kofinsu ya fito yana ƙamshin mangwaro da abarba Turawa na rububinsa, ni ma ka nemo min kafin kaka. Na ce masa Yaya, kafin mu kai ga yisti, wa zai sayi kofin? Ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce ai masu saye ba sa ƙarewa. To daga wannan hirar ne na shiga bin diddigin abin, har muka yi ɗan gwaji a gonar tasa, kuma tunda na san ba shi kaɗai ne bidiyoyin da ake gani a waya kan wannan abin ke ruɗa ba, na ce bari in baje abin da na fahimta. Af, kofi nake nufi na sha, gahawa, ba kofin shan ruwa ba, don Hausa ta haɗa mana su a suna ɗaya.

Duk wanda ya taɓa matse nunannen ɗan kofi da yatsa ya san in ƙwayoyin nan biyu suka fito suna fitowa ne da wani yauƙi mai zaƙi kamar an tsoma su a miyar kuɓewa. Wannan yauƙin ba ya wankuwa da ruwa haka kawai, ko ka kwana kana cuɗawa. Shi ya sa masu wanke kofi suke ɓare fatar, su tara ƙwayar a tanki ko duro ta kwana ɗaya ko biyu, ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye sukarin da ke ciki, yauƙin ya saki, sai a wanke a shanya. Shi ne tsimawar da ake magana. Asalinta ba don ɗanɗano aka ƙirƙiro ta ba, dabarar cire yauƙi ce kawai, har ma akwai injin da ke kankare shi ba tare da an tsima komai ba. Daga baya ne aka lura cewa abin da ya faru a tankin nan yana bin ƙwayar har cikin bakin mai sha. Halittun nan suna fitar da tsami iri-iri, da 'yar barasa, da wasu sinadaran ƙamshi, akwai ma wanda ƙamshinsa sak na ayaba, wasu daga ciki suna ratsa ɓawo su shiga ƙwaya. Ita ma ƙwayar ba matacciya ba ce, iri ce mai rai, tana jin ruwa da rashin iska tana sauya abin da ke cikinta. Don haka tambayar ita ce, su waye za ka bari su yi maka aikin nan a tanki, duk wanda ya ga dama ya faɗo, ko waɗanda ka zaɓa da kanka.

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ke yi tun kaka da kakanni, daga Habasha har Birazil, wato ka tara kofi ka bar shi. Halittun suna zuwa da kansu daga fatar 'ya'yan, daga hannun masu tsinka, daga kwando da buhu da bangon tanki da ruwan rafi. Da farko wasu bakteriya na ƙasa da ruwa ne ke fara cin kasuwarsu, sai masu tsamin nono irin su Leuconostoc su taso su tsamama wurin har na farkon su kasa zama, yisti na daji irin su Pichia da Hanseniaspora suna gefe suna nasu. In kana da ma'aunin tsami za ka ga pH, lambar da ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya taso daga wajen 5.5 ko 6 yana gangarowa zuwa wajen 4 da wani abu, a nan ne galibi yauƙi ke saki. In ba ka da shi, hannunka ya isa. Ka ɗebo ƙwaya ka wanke ka murza a tafin hannu, in tana santsi da saura, in ta yi ƙarar tsakuwa tana kartar juna to ta yi. Wasu kuma sanda suke cakawa a tsibin, in ramin ya tsaya bai rufe ba sai su kawo ruwa. Cibiyar binciken kofi ta Kolambiya, Cenicafé, har wani ɗan mazubi mai huji-huji ta ƙera wa ƙananan manoma mai suna Fermaestro don gane lokacin wanki, abin da ke nuna maka ko a can ba kowa ne ke zuba yisti ba, mafi yawa a kan wannan hanyar suke.

Kada wani ya raina ta fa. Kofin Yirgachefe na Habasha da na Nyeri a Kenya da duniya ke yabo, sun yi sunansu ne tun kafin a fara sayar da yistin kofi a leda. Ba ta cin ko sisi, ba ka jiran kaya daga Legas, ba ruwanka da firji. Aibinta ɗaya ne amma babba, ba ta da alƙawari. Tankin Litinin ya yi daɗi, na Alhamis da aka tsinko bayan ruwan sama ko aka haɗa da ɗanyu da waɗanda suka faɗi ƙasa ya fito da wani ɗanɗano daban, kai kuma ka haɗe su a buhu ɗaya. Ranar sanyi yauƙi ya ƙi saki har kwana uku, ranar zafi kafin ka dawo daga kasuwa ya zarce, kuma in ya zarce ba gyara, warin albasa ko na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace yake kamawa, ƙwaya kaɗan masu warin nan sun isa su ɓata samfur gaba ɗaya a gaban mai ɗanɗanawa.

Hanya ta biyu kuwa duk 'yar Fulanin da ke kawo nono kasuwa ta riga masana saninta. In ta tafasa madara ta huce, ragowar kindirmon jiya take ɗan zubawa ta rufe ƙwarya, da safe ya kama. Haka masu kofi a Kolambiya da Kosta Rika suke yi, ruwan da ya tsatso daga tankin da ya yi kyau, suna ce masa mosto, shi suke ɗiba su zuba a sabon tanki. Ni wannan hanyar ta fi burge ni a ka, saboda irin na gonarka ne, ya saba da sanyin wurinka da ruwanka, kuma kyauta ne. Tsimawa tana kamawa da wuri tunda ka zuba runduna a shirye kuma ruwan ya riga ya yi tsami, miyagun ba sa samun sararin farko. Amma ka tuna abin da ke faruwa da ƙwaryar da ba a wanke da kyau ba, ranar da nono ya ɓaci, in aka ɗebi iri daga gare shi na gobe ma ya ɓaci. Ba ka san takamaimai me ke cikin ruwan nan ba, yau masu tsamin nono ne suka fi yawa, bayan zagaye huɗu ko biyar masu tsamin binega sun karɓe gari ba ka sani ba, sai dai ka ji kofi yana yaji a maƙogwaro. Wanda zai bi ta nan dole hancinsa ya zama mai kaifi, ya riƙa shinshina ruwan yana ɗanɗanawa kafin ya zuba, in ya ji ya fara hawa kai ya zubar ya sake sabon lale, kada ya ce asara ce. Kuma ruwan ba ya ajiyuwa a zafi, na yau na gobe ne, ba na mako mai zuwa ba.

Sai ta uku, wadda Yaya ya gani a waya, yistin da aka zaɓa aka busar aka ƙulle a leda. Wannan ba tatsuniya ba ce, akwai aikin masana a bayanta. A jami'ar Lavras da ke jihar Minas Gerais ta Birazil, Farfesa Rosane Schwan da ɗalibanta sun shafe shekaru suna ware yisti daga kofi da sauran abinci suna mayar da shi kan kofi suna gwadawa, irin su Saccharomyces cerevisiae da Torulaspora delbrueckii. A jami'ar Parana ma an yi irin wannan da Pichia fermentans wajen 2014 da 2015. Tun kafin su, wani bincike a kan kofin Tanzaniya ya nuna wasu yisti na daji da ke cikin tsimawa suna hana fumfunar nan Aspergillus ochraceus yaɗuwa, ita ce ɗaya daga cikin masu fitar da gubar okaratoksin. A kasuwa kuma kamfanin Lallemand na Kanada yana da jerin da ya kira Lalcafé, akwai Oro da Cima da Intenso, shi ma Fermentis na Faransa yana da SafCoffee. Dabarar daga masu sarrafa inabi aka aro ta, shi ya sa ma ɗaya daga cikin fitattun masu koyar da ita, Lucia Solis, daga can ta fito kafin ta koma kofi.

Yadda abin ke aiki ba wani sihiri ba ne, rinjaye ne kawai. Ka zuba yisti iri ɗaya mai ɗimbin yawa tun a awa ta farko, sai ya mamaye sukarin kafin sauran su farka. Ba ya kashe su duka, tankinka ba ɗakin tiyata ba ne, amma shi ke jan ragama. Abin da aka saba shi ne wajen giram 1 ga kowane kilo 1 na kofi, a jiƙa shi a ruwa mai tsabta kamar ninki goma na nauyinsa, mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, a bar shi minti 20 zuwa 30 ya farfaɗo, sannan a zuba a gauraya sosai har ya taɓa ko'ina. Kowace leda dai tana da nata bayanin, shi za ka bi. Kuma ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa, yawanci ba don ka gama da wuri ake zuba shi ba, don ka iya daɗewa ne ba tare da ya ruɓe ba. Yauƙi zai iya saki da wuri amma ana barin sa awa 36 ko 48 ko fiye don ƙamshin ya samu shiga. Ke nan in tanki ɗaya gare ka kuma ana tsinka kullum a tsakiyar kaka, ka shiga matsala, kofin yau ya iso na shekaranjiya bai fita ba. Kafin ka sayi yisti ka ƙirga durominka.

Mu namu gwajin na farko abin dariya ne. Da sassafe ne, sanyin Mambila na busawa har yatsu ba sa lanƙwasuwa, aka ce wa yaron gidan ya kawo ruwan ɗumi, shi kuma bawan Allah ya ga butar shayi a kan murhu ya juye mana ita a bokiti, Yaya ya zazzage garin a ciki ya juya da muciya. Muka tsaya muna kallo, ba kumfa ba ƙamshin ƙullin burodi, ruwa dai ya yi kalar kunu ya kwanta. Muka ce ƙila haka na Turawa yake, muka zuba. Ashe mun dafe shi tun a bokiti. Kofin ya tsimu kam, amma 'yan gari ne suka tsima shi kamar kullum, mu kuma muna ta yabon leda. Sai a zagaye na biyu da muka sa ruwan da in ka tsoma gwiwar hannu ba ka jin zafi ba ka jin sanyi, muka ga ya taso ya yi kumfa, sannan muka gane wautar da muka tafka. Ruwan famfo mai warin kulorin ma yana raunana shi, haka ledar da aka buɗe aka bari a ɗaki mai zafi, ga mu kuma da halin wutar NEPA. Wani abin kuma sanyi, yisti yana yin kasala in dare ya yi sanyi sosai, sai da muka koma naɗe duron da tsofaffin buhuna da bargo muna shigar da shi ɗaki.

To me ya fito? Mangwaro dai bai fito ba, kada in yi muku ƙarya. Wanda ya ɗanɗana mana, mutumin da aikinsa ke nan, bai san wanne ne wanne ba, ya ce na yistin ya fi tsabta a baki, ƙamshin 'ya'yan itace ya ɗan fi fitowa, kuma kofuna biyar da ya jera daga samfurin duk bakinsu ɗaya, na gargajiyan kuma ɗaya daga ciki ya ɗan kauce. Wannan daidaiton shi ne ainihin abin da kake saye da kuɗinka. Yisti ba ya mayar da ɗanyen ɗa nunanne, ba ya cire ƙwaron da ya huda ƙwaya, ba ya mayar da nau'in kofin robusta mai ɗaci ya zama arabika mai ƙamshi. Ƙari yake yi a kan abin da ke akwai, kuma ƙarin ba shi da yawa kamar yadda talla ke nunawa. Su waɗancan masu ƙamshin abarba har ya buge ka, sau da yawa ba yisti kaɗai ba ne, wasu 'ya'yan itacen ko kirfa ake zubawa a tankin a tsima tare, abin da ya jawo rigima har masu gasar kofin ƙasar Panama, Best of Panama, suka fitar da wasu samfura daga gasar 2024 saboda an sa musu baƙon abu.

Na san wani zai ce, to yistin burodi fa, na waina da fanke da ke kowane shago? Tambaya ce mai kyau, don sunansu na kimiyya ɗaya ne da yawancin na kofin, Saccharomyces cerevisiae. Amma Bunaji da Bokolo ma duk shanu ne, kowa da inda ya fi ƙarfi. Na burodi an zaɓe shi ne don ya tashi ƙulli da sauri, ya cika shi da iska, ba don ƙamshin da zai bari a ƙwaya ba, na kofi kuma an tace shi ne a kan jure yanayin tanki da irin ƙamshin da yake bayarwa. Zai tsima maka kofi, zai kuma rinjayi 'yan gari, kuma don koyon hannu, yadda ake jiƙawa da gaurayawa da lura da lokaci, ni ina ganin gara ka ɓata na shago da ka ɓata na dala. In ya yi maka daɗi a baki, shi ke nan ka huta. Kawai kada ka gwada shi a kan amfanin shekara gaba ɗaya.

Akwai kuma masu zuba bakteriyar tsamin nono maimakon yisti, ko su haɗa biyun, wadda aka fi ji ita ce Lactobacillus plantarum da aka sauya wa suna zuwa Lactiplantibacillus a 2020. Ita aikinta saukar da pH da sauri, ta rufe ƙofa ga masu ruɓarwa, kofin kuma yakan fito da wani laushi a baki da tsami mai taushi irin na yogot. Sai dai ta fi yisti shagwaɓa wajen ajiya, kuma abin da ya sa ban cika zumuɗinta ba shi ne dama danginta suna cike a kowane tankin kofi, su ne ke yin rabin aikin a hanyar gargajiya, ka ga kamar ka sayi ruwa ne a bakin kogi sai in kana neman wani ɗanɗano takamaimai da mai saye ya ce yana so. Shi kuwa koji, fumfunar nan Aspergillus oryzae da Japanawa ke yin miso da miyar waken soya da ita, ya yi suna ne bayan wani ɗan Finlan, Kaapo Paavolainen, ya shiga gasar masu haɗa kofi ta duniya a Milan a 2021 da kofin da aka yi da shi a gonar El Vergel ta Kolambiya. Ana barbaɗa shi a kan 'ya'yan ne ya tsiro, yana farfasa abubuwan da yisti ba ya iyawa. Amma a ce manomin da ba shi da ma'aunin zafi ya fara renon fumfuna a kan kofinsa da gangan, alhali 'yar uwarta mai guba tana nan tana jiran dama kuma ido ba ya rabe su da kyau, a'a wallahi, wannan a bar wa masu ɗakin gwaji tukuna.

Wani ruɗanin da nake yawan ji, mutane na haɗa zuba iri da rufe duro. Abu biyu ne. Rufe kofi a duro mai murfi da 'yar tiyo da iska ke fita ba ta shiga, wannan yanayi ne ka sauya, za ka iya yin sa da iri ko ba iri. Ya yaɗu ne sosai bayan Sasa Sestic na Ostareliya ya ci gasar duniya a Siyatil a 2015 da kofin Kolambiya da aka tsima a rufaffen tanki mai iskar kabon, nau'in kofin ma Sudan Rume ne, wanda asalinsa daga tsaunin Boma na Sudan ta Kudu yake. Rufewar kaɗai tana sauya ɗanɗano sosai, wani lokaci fiye da abin da ledar yisti za ta yi, kuma duron roba mai kyau sau ɗaya ake saye. Sai dai a tabbata na abinci ne, ba wanda aka taɓa zuba maganin feshi ko man inji ba, kofi yana kwasar wari kamar me, kuma a bar wa iska hanyar fita in ba haka ba murfi zai tashi sama.

Maganar barasa kuma, tunda na san tana ran mutane da yawa kuma Yaya ma sai da ya tambaya. E, yisti yana fitar da 'yar barasa a tanki, na leda da na daji duka, kamar yadda yake yi a ƙullin burodi da na waina. Bayan nan ana wanke kofin, a shanya shi mako biyu ko uku, a soya shi a zafin da ya haura digiri 200, ita kuwa barasa a digiri 78 take tafasa ta bi iska. Abin da ya bambanta shi ne kofin da ake jiƙawa da giya da gangan ko a ajiye shi a gangar wiski don ya ɗau ƙamshinta, akwai shi a kasuwannin waje kuma suna rubutawa a jiki. Hukunci dai na malamai ne, ni yadda abin ke gudana kawai na faɗa.

Yanzu lissafi, inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ko ta kasa. Kilo 5 zuwa 6 na nunannun 'ya'yan arabika ne ke ba da kilo 1 na busasshiyar ƙwaya. In a kan 'ya'yan gaba ɗaya ka zuba, kowane kilon da za ka sayar ya ci giram 5 ko 6 na yisti ke nan, in ka ɓare fatar tukuna abin ya ragu sosai tunda fatar ta kwashe kaso mai yawa na nauyin. Ka ɗora kuɗin kawowa, da canjin dala, da ƙarin duro, da ƙarin kwanakin aiki. Sannan ka dawo kan tambayar da na yi wa Yaya. In dillali ne zai zo ya caka hannu a buhu ya tauna ƙwaya ɗaya ya ji ta bushe ya auna ya biya ka farashin kowa, to ko yistin zinare ka zuba ba zai ƙara maka naira ɗaya ba, shi nauyi yake saye. Wanda ke biyan ɗanɗano shi ne mai soya kofi na musamman, a Legas ko Abuja ko waje, wanda ke sa a ɗanɗana a ba da maki a kan 100, daga 80 zuwa sama ne ake kira na musamman. In ba ka da irin wannan mai sayen a hannu, ko ƙungiyarku ba ta da shi, sayen yisti fafe gora ne ba ranar tafiya ba ma, tun ba a san ko akwai tafiyar ba.

Kuma ko kana da shi, akwai abubuwan da suka riga yisti a layi. Da yawa daga cikin ƙananan manomanmu ba su ma wanke kofi, shanya shi suke da fatarsa, wani a tamfol wani a ƙasa, ja da kore da baƙi duk a haɗe. Wanda ke wannan halin, in ya koma tsinkar jajaye zalla, ya zuba su a ruwa ya kwashe masu tasowa sama, ya ɗaga shanyarsa a kan gado mai raga yana juyawa yana rufewa da dare saboda raɓa, ya busar har danshi ya sauko 10 zuwa 12 cikin 100, tsallen da kofinsa zai yi ya fi na kowace leda nesa ba kusa ba. Shanya ce ma ke yanke hukuncin fumfuna, kuma Tarayyar Turai tun farkon 2023 ta rage iyakar okaratoksin a soyayyen kofi zuwa maikurogiram 3 a kilo, yisti ba zai cece ka ba in ka tara jiƙaƙƙen kofi a buhu. Mu ma tankinmu na uku da ya fi kowanne ƙamshi, a wurin shanya muka rasa shi, an bar shi a tsibe ƙarƙashin leda kwana biyu saboda an tafi biki.

Don haka in ka tambaye ni, mai 'yan bishiyoyi da ke sayar wa dillali ya tsaya a ta gargajiya, ya wanke tankinsa kullum, ya koyi gwajin hannu. Wanda ya iya wannan har tankunansa suna fitowa kusan iri ɗaya kuma yana son ya matsa gaba ba tare da kashe kuɗi ba, ya gwada ruwan jiya da rufaffen duro, a ƙaramin kaso. Ƙungiyar da ke tara kofin mutum talatin ko hamsin a wurin wanki ɗaya kuma ta yi alƙawari da mai saye cewa abin da ya ɗanɗana a samfur shi zai gani a buhu, ita ce yistin leda ya fi yi wa rana, don a nan ne rashin daidaito ke cin kuɗi. Masu neman shawara a kusa kuma, cibiyar binciken koko ta ƙasa, CRIN, wadda kofi da shayi ke cikin aikinta, tana da reshe a Kusuku a nan Mambila, 'yan uwa na ƙetaren iyaka a yammacin Kamaru kuma sun daɗe da sanin wankakken arabika, ba sai an je Kolambiya ba kafin a ga yadda ake yi.

Ko wacce ka zaɓa, ka gwada ta yadda za ka san gaskiya. Tsinkar rana ɗaya, ka gauraya ta sosai ka raba uku a bokitai iri ɗaya, ɗaya ka bar shi haka, ɗaya ruwan jiya, ɗaya yisti, ka rubuta awar da ka fara da awar da ka wanke, ka shanya su a gado ɗaya amma da shamaki a tsakani, ka sa musu lamba ba suna ba, wanda zai ɗanɗana kada ya san komai. Ka maimaita sau biyu ko uku, don sau ɗaya sa'a ce. Ruwan wankin kuma kada a sake shi a rafi, tsami gare shi yana kashe kifi, a haƙa masa rami. Yaya dai bana bokiti tara ya tanada, ya kuma sayi ɗan ma'aunin zafi, ragowar rabin ledar yistin tana cikin kwalba a firjin wani mai kemis a Gembu, butar shayi kuma an hana yaron nan kusantarta in ana jiƙo.